Daga "baba" da "babba" zuwa "nono" da "nonno": yadda ake raba gaɓoɓin Italiyanci da furta su

A zangunanmu na Kumasi da Akra da Tamale, da wuya ka bi layi guda ba ka tarar da gidan da ɗansu ko surukinsu ke Italiya ba. Wasu na Brescia, wasu na Modena da Reggio Emilia, wasu na Vicenza da Verona, wasu kuma can kudu, wajen Napoli da Palermo. Kuɗi na zuwa gida, hotuna na zuwa, saƙon murya na zuwa ta WhatsApp. Abin da ba a cika ba mu labarinsa ba shi ne yadda harshe ke tsare mutum a can. Sai mutum ya shekara biyar yana aiki, yana jin abin da ake faɗa, amma da ya buɗe baki a ofis ko a asibiti sai a ce ya maimaita, ya maimaita, har kunya ta sa ya yi shiru.

Maganar kuma ta wuce kunya, ta kai ga takardu. Tun daga watan Disamba na 2010, duk baƙon da ke neman takardar zama ta dogon lokaci, wadda ake nema bayan shekara 5, sai ya nuna ya iya Italiyanci a matakin da ake kira A2. Daga Disamba na 2018 kuwa, mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko ta daɗewa a ƙasar sai ya kai matakin B1, wanda ya fi wancan tsauri. Ke nan matar da ke haɗa kayanta don ta bi mijinta, da saurayin da ya samu gurbin karatu, kowa akwai jarrabawar harshe a gabansa.

Ni malamin firamare ne. A kwalejin horar da malamai aka koya mini yadda ake ɗora yaro kan karatu gaɓa bayan gaɓa. Italiyanci kuwa na shiga koyonsa ne saboda ƙanena da ke aiki a masana'antar tayil a yankin Sassuolo, kusa da Modena, matarsa na shirin bin sa. Da yamma nakan zauna da ita da wasu 'yan'uwa mata masu irin wannan shiri, mu yi awa guda muna karatu. A wannan zama na tabbatar da abu ɗaya: Bahaushen da ya yi karatun allo ya riga ya mallaki yawancin abin da furucin Italiyanci ke buƙata. Abin da ke ɓata masa shi ne karanta shi da idon Turancin Ingilishi.

A ajiye Turanci a bakin ƙofa

Mu da muka yi boko a Gana, da mun ga baƙaƙen Turawa sai bakinmu ya koma Ingilishi. A Italiyanci wannan ɗabi'a ce ke fara kayar da mutum. Ɗauki kalmar sale. Ɗan boko zai ce "sel", alhali Ba'italiye cewa yake sa-le, daidai da sunan Malam Sale, kuma ma'anarta gishiri. Haka come, ana cewa ko-me, wato yaya. Fine, fi-ne, ƙarshe. Cane, ka-ne, kare. Pane, pa-ne, burodi. Babu wasalin da ke yin shiru a ƙarshen kalma. Duk wasalin da ka gani, ka ba shi haƙƙinsa.

Wasulan da ake rubutawa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma sautinsu shi ne wanda muka sani a Hausar boko. Gaskiya ne e da o kowanne na da furuci biyu, buɗaɗɗe da matsattse, amma su kansu Italiyawa sun bambanta a kansu daga yanki zuwa yanki, don haka mai koyo kada ya tsaya nan tukuna. Kusan duk kalmomin harshen na ƙarewa da wasali, kamar namu, in ban da 'yan ƙanana irin il, per, con, non, da kalmomin aro irin bar da sport. Shi ya sa yaron da ya iya ba, be, bi, bo, bu zai iya karanta do-ma-ni, wato gobe, ko la-vo-ro, wato aiki, tun ranar farko.

Shaddar da muka sani tun muna yara

Abin da ke ba Baturen Ingila da Bafaranshe wahala a Italiyanci shi ne baƙi biyu a jere, irin tt, nn, ll, ss. Su a harshensu ana rubutawa ne kawai, ba a furtawa. Mu kuwa da shi muka tashi. Wane Bahaushe ne zai rikita baba da babba? Ko daba da dabba? Ko kala da kalla? Wanda ya yi babbaƙu da farfaru kuma ya san alamar shadda, ya san malam ba ya barin a wuce ta. Da ita muke cewa Makka, salla, hajji, Muhammadu.

To, haka abin yake a Italiyanci, kuma shi ke canza ma'ana. Nono, wanda mu muka sani a ƙwarya, a wurinsu "na tara" ne, nonno kuwa kaka namiji. Pala shebur ce, palla ƙwallo. Sete ƙishirwa, sette bakwai. Pena azaba ko hukunci, penna alƙalami. Caro mai tsada ko abin ƙauna, carro keken ɗaukar kaya. Capello gashi, cappello hula. Akwai ɗaya da nake yawan ja wa ɗalibaina kunne a kanta, ita ce anno, shekara. In aka tambaye ka shekarunka, ka danna n ɗin nan da kyau, domin in ka sassauta ta, kalmar na komawa sunan wani sashe na jiki da ba a ambata a gaban surukai.

Ku lura da wani abu a baba da babba. A ta farko muna jan wasalin, baa-ba. A ta biyu wasalin gajere ne, baƙin ne ke rufe gaɓar, bab-ba. Ba'italiye ma haka yake yi: paa-la amma pal-la, noo-no amma non-no. Wannan ita ce ƙa'idar farko ta raba gaɓa a harshen: baƙi biyu iri ɗaya, ɗaya ya rufe gaɓar baya, ɗaya ya buɗe ta gaba. Abin sha'awa, a yankin Toskana yaro na kiran mahaifinsa babbo, bab-bo.

Sunan takardar da kowane baƙo ke fama da ita ma shadda biyu ce a cikinsa: permesso di soggiorno, per-mes-so di sog-gior-no. Kuɗin haya af-fit-to ne. Adireshi in-di-riz-zo. Wanda zai sauka a arewacin ƙasar zai ji wasu 'yan gari ba sa danna shaddar sosai, domin karin harsunan arewa ba su da ita. Kada wannan ya sa ka sake. A rubutu da jarrabawa ana neman ta.

Sauran ƙa'idojin rabawa

Ba su da yawa, kuma yaran Italiya na koyonsu ne tun farkon firamare, don su san inda za su yanke kalma in layi ya ƙare. Mu kuma amfaninsu gare mu shi ne su nuna wa baki inda zai tsaya.

Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu, na gaba yake bi: a-mi-co, aboki, ta-vo-lo, tebur. Wannan daidai yake da Hausa.

In l, r, m ko n suka zo kafin wani baƙin, su ke rufe gaɓar baya: al-to, car-ta, cam-po, den-te. Wannan ma namu ne, kamar yadda muke cewa kar-fe, tam-ba-ya, han-ci.

In kuwa l ko r ɗin ce ta biyo bayan wani baƙi irin b, c, d, p, t, ba a raba su: li-bro, littafi, pa-dre, uba, so-pra, a kan.

S da wani baƙin ke bi, gaba take tafiya: pa-sta, po-sta, que-stu-ra. Wannan ta ƙarshen ita ce hedikwatar 'yan sanda inda ake harkar takardun zama, kuma qu ɗin nan kw ce irin ta kwano, wato kwe-stu-ra. Ruwa kuma acqua ne, ac-qua, ak-kwa.

Wasula biyu a jere su ne ke son lura. In i ko u marar nauyi ta haɗu da wani wasalin, gaɓa ɗaya suke zama: pie-de, ƙafa, uo-mo, namiji, scuo-la, makaranta. In a, e, o ne suka haɗu da juna, ko kuma nauyin murya ya sauka kan i ko u ɗin, sai a raba: pa-e-se, ƙasa ko ƙauye, vi-a, titi, pa-u-ra, tsoro, far-ma-ci-a, kantin magani.

C da g, masu fuska biyu

Kowane harshe da yarjejeniyarsa a rubutu. Sautin da Hausar boko ke rubutawa c, kamar a cikin ciki da cefane, masu Twi ky suke rubuta shi, wanda muke rubutawa j kuma su gy suke sawa, kamar a sunan Asamoah Gyan, wanda shi ma ya buga ƙwallo a Udinese da Modena. Don haka ɗan Gana ba baƙo ba ne ga irin wannan sauyi.

A Italiyanci c kafin e ko i, c ɗinmu ce ta Hausa sak: cena, ce-na, abincin dare, dieci, goma. Kafin a, o, u kuwa k ce: cane, cosa, cucina, wato ku-ci-na, madafa. In suna son sautin k kafin e ko i, sai su saka h a tsakiya. Nan ne ɗan boko ke faɗawa rami, don ch a Ingilishi c ce, a Italiyanci kuwa k ce. Chiave, mabuɗi, kya-ve. Moschea, masallaci, mo-ske-a. Samarinmu masu kallon gasar Serie A sun daɗe suna jin Chiellini da Chiesa, kuma mai sharhin da ya san aikinsa Kyellini da Kyeza yake cewa.

G ma haka take. Kafin e ko i, j ce: gente, jen-te, mutane, gelato, je-la-to. Da h ta shiga sai ta koma g ta gida: spa-ghet-ti. I ɗin da ke cikin cia, cio, gia, gio galibi alama ce kawai, ba a furta ta. Shi ya sa ciao ya zama kusan "cawo", giorno ya zama jor-no, ufficio ya zama uf-fi-co. H ita kaɗai kuwa ba ta da sauti ko kaɗan: hanno, suna da, da anno, shekara, furucinsu ɗaya.

Saura uku da ba a rabawa. Sc kafin e ko i, sh ce: pesce, kifi, pe-sce, ana jin sa kamar "pesshe", garin Brescia kuma "Bressha". Gn kusan ny ce irin ta hanya: ba-gno, banɗaki; Bo-lo-gna; co-gno-me, sunan iyali, wanda ake tambaya a kan kowace takarda. Gli kuma kusan "lly" ce, harshe ya manne da ganɗa: fi-glio, ɗa, fa-mi-glia, iyali. Z na zama ts ko dz, amma ba ts ɗinmu mai ƙarfin maƙogwaro ta tsuntsu ba, t ce da s a sake: piz-za, gra-zie. R kuwa mai karkaɗawa ce, irin ta barka da karatu.

Inda harshenmu ke tuntuɓe

Ba zan ce komai sauƙi ne ba. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa kakanninmu da suka ari kalmomin Turawa suka cusa musu wasula, muka samu burodi da direba da sukurudireba. Italiyanci kuwa cike yake da tr, pr, st, sc, har da uku a jere. Treno, jirgin ƙasa, gaɓa biyu ce, tre-no. Strada, hanya, gaɓa biyu ce, stra-da. Ɗalibaina da farko "sitirada" suke cewa, gaɓa huɗu, kuma Ba'italiye zai sha wuya kafin ya gane. Dabarar da nake amfani da ita ita ce tafi. A tafa sau ɗaya ga kowace gaɓa. In hannu ya tafa biyu baki ya yi huɗu, mai faɗa da kansa zai ji ya yi ƙari. Wata dabarar, a fara daga baya: ra, tra, stra, sannan strada. A ja s ɗin kamar hucin maciji kafin a sake ta.

Na biyu shi ne p da f da v. A Hausa ba mu bambanta su, f ɗinmu na rawa tsakanin p da f da h gwargwadon yankin mai magana. A Italiyanci kowace da gidanta. Pila batir ne, fila layin jira. Pino itacen fayin, fino har zuwa, vino kuwa giya. Pasta taliya, basta ya isa. P leɓe biyu ne ke haɗuwa su fashe. F da v haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, sai dai v da amon murya. Madubi na taimakawa a nan fiye da dogon bayani.

Akwai kalma ɗaya da nake so duk Musulmin da zai je can ya iya karantawa da faɗa, ita ce strutto, strut-to, narkakken kitsen alade. Ta haɗa baƙi uku a farko da shadda a tsakiya. Ana sa shi a wasu nau'o'in burodi da kayan gashi, musamman a yankin Emilia-Romagna inda 'yan Gana ke da yawa: piadina ta gargajiya da shi ake yi, gnocco fritto na Modena ma a al'ada a cikinsa ake soyawa. A haɗa da maiale, ma-ia-le, alade, suino, su-i-no, wanda aka fi gani a jikin leda, lardo, pancetta, pan-cet-ta, da prosciutto, pro-sciut-to, "proshutto". Mai sayar da burodi zai ba ka amsa ta gaskiya in ya gane tambayarka: C'è strutto? Ana faɗa "ce strutto", ma'ana akwai kitsen alade a ciki? Kalmar senza kuma, sen-za, na nufin babu shi.

Ina murya ke sauka

Hausa da karin sauti take aiki, sama da ƙasa, da tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suka bambanta a kunne duk da rubutunsu ɗaya. Italiyanci kuwa gaɓa ɗaya ce a kowace kalma ke ɗaukar nauyin murya. A yawancin kalmomi ta biyun ƙarshe ce: la-VO-ro, do-MA-ni, o-spe-DA-le, Mi-LA-no. In nauyin na kan ta ƙarshe, dole a sa alama a saman wasalin: città, birni; caffè; lunedì, Litinin; perché, don me. Alamar nan ba ado ba ce. Papa Paparoma ne, papà baba. Parlo, ina magana. Parlò, ya yi magana.

Masu wahalar su ne waɗanda nauyinsu ke kan ta ukun ƙarshe, domin ba a sa musu alama, sai dai a haddace. Da yawa daga garuruwan da 'yan'uwanmu ke zaune suna cikinsu: MO-de-na, NA-po-li, BER-ga-mo, PA-do-va, GE-no-va, U-di-ne. Haka SA-ba-to, Asabar, ME-di-co, likita, SCIO-pe-ro, yajin aiki, da CO-di-ce fiscale, lambar haraji da ake tambaya kusan ko'ina. Kalmar ancora in ka ce AN-co-ra, angar jirgin ruwa ce, in ka ce an-CO-ra, "har yanzu" ke nan. Shawarata, duk sabuwar kalmar da ka rubuta a littafinka, ka ja layi ƙarƙashin gaɓar da ke ɗauke da nauyin tun a ranar.

Su ma koyo suka yi

Wanda ke jin nauyin fara karatu da girma, ya san cewa Italiyawa da kansu ba da wannan harshe akasarinsu suka tashi ba. Daidaitaccen Italiyanci ya samo asali ne daga harshen birnin Firenze, harshen da Dante, wanda ya rasu a 1321, ya yi rubutu da shi. Lokacin da ƙasar ta dunƙule a 1861, kowane yanki da nasa karin. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa kashi 2.5 cikin 100 ne kacal na jama'a ke iya magana da shi a lokacin, wasu masanan kuma suka ce adadin ya kai wajen kashi 10. Makaranta da aikin soja da rediyo da talabijin ne suka yaɗa shi. Daga 1960 zuwa 1968 wani malamin firamare mai suna Alberto Manzi ya riƙa koya wa manya karatu da rubutu a tashar talabijin ta ƙasa, RAI, yana zane da gawayi a kan manyan takardu. Sunan shirin Non è mai troppo tardi, wato lokaci bai taɓa ƙurewa ba. A gwada raba trop-po, ga baƙi biyu a farko ga shadda a tsakiya.

Wanda ya riga ya isa can, ya nemi cibiyar koyar da manya ta gwamnati da ake kira CPIA a lardinsa, a nan ake koyar da baƙi harshen har zuwa matakin A2. Takardun shaida da aka amince da su sun haɗa da CILS ta jami'ar baƙi ta Siena, da CELI ta Perugia, da PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri. Ina roƙon mazan da ke can, ku bar matanku su je ajin nan. Macen da ba ta iya yi wa likita bayanin ciwon ɗanta ba, ko karanta wasiƙar makarantarsa, kullum a hannun wani take.

Wanda yake gida tukuna kuma, ba sai ya jira biza ba. Ya ɗauki kalma biyar a rana. Ya rubuta kowace da ƙaramin jan layi tsakanin gaɓoɓinta, ya nemo shaddarta, ya nemo inda nauyi ya sauka, ya tafa, ya faɗa da ƙarfi kamar yadda muke biya allo. Sannan ya naɗa a waya ya tura wa ɗan'uwansa da ke can, ko ma ya fi kyau 'ya'yan ɗan'uwan da ke makaranta, don su kunnensu ba ya yafiya. Kalma biyar a rana, in an cire Juma'a da Lahadi, kalma 25 ke nan a mako, sama da 300 a wata uku. Mace ko namijin da ya sauka filin jirgin Malpensa da kalma 300 da yake furtawa daidai, zai iya faɗin sunansa da adireshinsa, ya tambayi hanya, ya karanta jikin ledar abinci kafin ya saya. Allah ya ba da sa'a.